Sumar da Ta Cika Mini Tsawo

Shekarar da gwamnati ta ce a bar inci da yadi a koma santimita da mita, da ni aka buɗe kasuwa. Tun ina firamare nake son aikin ɗamara, kuma kowa a Keffi ya san tsawon da ake nema: ƙafa biyar da inci shida. Baba yadi yake sayarwa. Ya jingina ni da bango, ya auna ni da sandar awonsa, na cika cif, ba ragi ba ƙari.

Ana gobe ɗaukar sabbi ya kira wanzami. Lokacin samari na yayin tara suma, ni ma na ɗan fara tawa. Baba ya ce, "Ɗan mutunci ba ya zuwa neman aiki da kai kamar sheƙar tsuntsu." Aka yi mini ƙwal-kwabo.

A filin sai ga sabon ma'auni. Inci sittin da shida dai santimita ɗari da sittin da bakwai ne da 'yar ɗoriya, amma wani mai ƙyuyar lissafi can sama ya cike ta, ya mai da bakwai ɗin takwas. Mai awo ya ɗora katako a tsakar kaina, ya ce ban kai ba. Abin da ya rage bai fi ƙwayar dawa ba. Na gabana kuwa, wanda na san na ɗara shi tsawo, ya wuce da tulin sumarsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ragu ba, ma'auninku ne ya ƙaru."

Ya ce, "Je ka gaya wa Legas."

Na koma gida raina a ɓace, na rantse aska ba za ta sake hawa kaina ba sai na sa kaki. Tunda da gashi ake awo, da gashi zan koma. Muka yi ta kai ruwa rana da Baba. Ya daina tafiya masallacin Juma'a tare da ni, ya hana ni zama a rumfarsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na kafe.

Da shekara ta zagayo na wuce awo har da rara. Na je yi wa Baba sallama, kaina ya kalla maimakon fuskata, ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ranar da muka isa barikin horo, tun kafin a ba mu takalma, aka jera mu a ƙasa aka aske mu tas. Ba wanda ya sake auna ni.