Muryar da ke cikin kaset ɗin Masama

Jama'a, yau na ji muryar kakata a ofis, ita da ta daɗe da rasuwa!

Kun san aikina a laburaren jami'a nan Kalgo, shigar da bayanan littattafai da kaset cikin kwamfuta. Da safe ogana Malam Bello ya kawo min kwalin tsofaffin kaset na wani mai bincike daga Gwandu. Ya ce, "Rabi, duk wanda babu suna, ki sa ba a san mai waƙar ba."

Na ɗauki ɗaya. "Masama" kawai aka rubuta a jiki, garinmu. Na saka a rediyo, na kunna. Ƙarar dutsen niƙa, sai wata mata ta fara waƙa, ana ɗan jin kukan jariri. Can ta yi ɗan tari, ta yi dariya. Haka Kaka Hurera take yi.

Na kira Inna, na kara wayar kusa da rediyon.

Na ce, "Inna, kina ji?"

Ta ce, "Innata ce. Jaririyar da ke kuka bayanta kuwa, ni ce."

Na ce bari in rubuta sunanta.

Ta ce, "Rubuta, ɗiyata. Amma kada ki kashe tukuna."