Ɗaukaka Ƙara a Falona

Shekarun baya, ana gab da kullen korona, mahaifina ya zo Kuala Lumpur a duba masa ido, da niyyar ya ɗan huta ya koma Kano. Sai aka rufe hanya, ya maƙale a ɗan gidanmu na Sri Petaling, tare da ni da maigidana da yara.

Baba ya haura shekara ashirin yana alƙali a kotun ɗaukaka ƙara kafin ya yi ritaya, kuma mu 'ya'yansa mun ji a jikinmu. Ba ya zuwa biki, ba ya cin abincin gidan kowa, ko ragon salla aka aiko sai ya koma inda ya fito. In muka yi faɗa da yayana a kan tsokar nama, sai an ji ta bakin kowa, kafin a gama miya ta huce.

Ina da ƙawa 'yar Filato, Kirista, a benen da ke samanmu. An killace ta a gida, aka ɗaura mata abin hannun nan ruwan hoda da ake sa wa wanda aka hana fita. Kwatsam sai ga hotonta a guruf ɗin 'yan Najeriya, tana tsaye a bakin titi da abin a hannu. Kwamitinmu ya zauna a fusace, ya yanke cewa zai kai ta ga 'yan sanda, kar ta ja mana baƙin jini. In aka yi haka, bizarta da karatun mijinta sun tafi.

Ni na san gaskiya: ma'aikatan lafiya ne suka kira ta gwaji na biyu. Na faɗa a guruf, aka ce ai ƙawarki ce. Na hau masifa har shugaban kwamitin ya gaji, ya ce a kai maganar gaban Baba Alƙali, abin da ya ce shi ke nan.

Daɗi ya kama ni, don a ganina alƙali a falona yake, shayinsa ma ni nake haɗawa. Na durƙusa zan kwashe masa labari, ya ɗaga hannu.

"Mamana, ke lauya ce ko shaida?"

"Baba, ƙawata ce."

"To ki yi shiru."

Da la'asar kwamitin ya kira Baba a wayar bidiyo. Ya sa babbar riga a sama, a ƙasa kuwa zanen maza irin na Malayu ne. Ya dubi shugaban ya ce, "Kun kira ta?"

"Ranka ya daɗe, ai hoton bai bar wani kokwanto ba."

"Ban tambaye ka hoto ba. Kun kira ta?"

Baba ya gyara tabarau. "Ban ce ta yi ba, ban ce ba ta yi ba. Hukuncinku dai na rushe shi. Ku koma ku ji ta bakinta."

Wallahi raina ya ɓaci. Ana kashe waya na ce, "Baba, shi ke nan? Ba za ka wanke ta ba?"

Ya ce, "In na wanke ta ban ji ta ba, mene ne bambancina da su?"

Washegari suka kira ta. Ta yi bayani da bakinta, har wanda ya ɗauki hoton ya amsa cewa a ƙofar asibiti ne. Shugaban ya ba ta haƙuri a gaban kowa.

Ranar da aka cire mata abin hannun, sai ga kwanon gwate daga wurinta a ƙofarmu, wai na Baba. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce tun da ya hau kujera bai taɓa cin abincin wanda shari'arsa ta bi ta hannunsa ba. Na ɗauki kwanon zan mayar.

"Ina za ki kai shi? Ai na yi ritaya. Miƙo cokali."

Na tashi ina ganin Baba ya cika tsauri, sai a wannan kulle na gane me ya yi shekaru yana tsarewa, kuma ina alfahari da shi. Allah ya yi masa rasuwa bayan ya koma gida. Yanzu in 'ya'yana suka kawo ƙara a kan faranti, sai na ji ta bakin kowa. Suna ta ƙorafi wai miya na hucewa, ni kuwa ko a jikina.