Ragon Suna a Bayan Mota

Ko da zan manta komai na zamana a Greensboro, can ƙasar Turawa, ba na jin zan manta Asabar ɗin da na fita zance na farko a garin nan, muka ƙare mu uku a mota alhali mu biyu muka yi alkawari. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙo mini, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, ko da a tsakiyar aiki nake.

Lokacin mu biyar ne a gida mai ɗaki biyu a bayan titin High Point, dukkanmu 'yan Nijar. Tukunya ɗaya, wayar tarho ɗaya a falo, da butar shayin da ba ta sauka daga wuta. Babbanmu wani dattijo ne mutumin Damagaram, muna ce masa Malam. Shi ke jan mu salla, shi ne kuma mai ƙaramar bas ɗin da kowa ke ara. Zama ne mai daɗi, amma ba a yi shi don mai sirri ba. Ka fesa turare, a tambaye ka ina za ka. Ka goge riga ranar da ba Juma'a ba, mutum huɗu su zuba maka ido. Waya kuwa in ta yi ƙara aka ce taka ce, sai a rage muryar talabijin don a taya ka saurare.

A wani shagon kayan miya na haɗu da ita, muna jayayya a kan ƙullin daddawa na ƙarshe. 'Yar zangon Kumasi ce, doguwa, mai baki kamar reza. Na bar mata daddawar, ita kuma ta bar mini lambar gidan da take aiki. Tana kula da wata tsohuwar Baturiya a Pleasant Garden, can take kwana, ba ta samun fita sai wata Asabar jefi-jefi. Daga ranar na zama mutum mai yawan wanki, don a ɗakin wankin unguwarmu akwai wayar da ake jefa wa kwabbai. Abokin ɗakina har ya fara yaba mini tsabta.

Da ta yarda mu fita, sharaɗi ɗaya ta kafa mini, kuma ba da wasa ta faɗe shi ba.

"Shayi za mu sha mu yi hira, shi ke nan. Ba na son sunana a bakin mutanen garin nan. Ranar da na ji maganar a bakin wani, to, ka goge lambata."

Na rantse mata ko ƙuda ba zai ji ba. Na san tana da gaskiya. A cikin mutanenmu, in aka ga mace a motar namiji da hantsi, kafin azahar an tsayar musu da ranar aure, kafin la'asar an raba su.

Asabar ta zo. Na yi wanka sau biyu, na ɓoye kwalbar turare a aljihu don in fesa a hanya, na ɗora tsohuwar rigar aiki a kan sabuwar shaddata. Na sami Malam yana jan carbi, na durƙusa na roƙi makullin mota.

"Ina zuwa?"

"Nan Pleasant Garden, Malam."

Ban yi ƙarya ba, can ɗin za ni. Amma sai na ga fuskarsa ta washe.

"Allahu akbar! Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ai ragon sunan gobe yana can gonar Baturen nan, tun jiya nake neman wanda zai ɗauko. Ka biya ka taho da shi, da ransa fa, ni zan yanka da hannuna da safe. Ka kai shi gidan mai jego kafin magariba."

Sunan ɗan wani direban tasi ne ɗan garinmu, mai gida da fili a bayan gari. Wanda bai tashi cikinmu ba, zai ce me ya hana ka ce kana da uzuri? To, sallahun babba ba a mayar da shi sai da dalili, dalilina kuwa ba abin da zan iya furtawa gaban sa'an mahaifina ba ne. Na ce, "To, Malam." Abokin ɗakina ya leƙo daga kicin ya ce in na ga ƙwai mai kyau a gonar in taho da shi.

Ragon nan, jama'a! Fari ne tas, ƙato, da ƙahoni murɗaɗɗu, yana kallon mutum kamar ya san abin da ake shirya masa. Manomin ya taya ni cusa shi a bayan bas, inda aka cire kujerar ƙarshe, muka ɗaure igiyarsa a wani ƙarfe. Na yi tunanin in fara kai shi gidan suna, amma na san halin mutanena. Da na sa ƙafa za a miƙo mini rumfa in kafa, a ce in ɗebo kujeru, yammacin da ta daɗe tana jira ya tafi a banza. Sai na tuɓe rigar aikin, na zazzage rabin kwalbar turaren a cikin mota, na ƙure kaset, na ce Allah ya rufa asiri.

Ta fito cikin atamfa shuɗiya da farin gyale. Na miƙa mata furannin da na saya, don na ga haka ake yi a ƙasar. Ta shiga, ta ɗora su a kujerar tsakiya, ta ɗan ja hanci.

"Wannan turaren naka yana da ƙarfi paa."

Kafin in sami amsa, daga bayanmu aka ce, "Meeee!"

Ta daskare. Ta juya a hankali. Suka haɗa ido, ita da shi.

"Ei! Wane ne wannan?"

"Ɗan rakiya ne," na ce.

Na ɗauka fita za ta yi ta buga ƙofa. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Ta yi dariya har kwallinta ya zubo, tana dukan gaban mota tana cewa maza da yawa sun nemi fita da ita a ƙasar nan, amma ba wanda ya taɓa zuwa da sadakinsa a ranar farko. Ni ma na saki jiki na bi ta. Muka hau hanya muna ƙyaƙyatawa, rago na amsa mana amshi.

Na yi niyyar kai ta wani gidan shan shayi a titin Elm, mai kujeru a waje. Mun samu wurin fakin, har na kashe mota, sai ga wata mata da karenta ta tsaya tana leƙen gilashin baya, hannu a ƙirji. Rana ta take, kuma a ƙasar nan barin dabba cikin mota a zafi ya isa a kira maka 'yan sanda. Na tayar da mota ba shiri. Muka ƙare da sayen askirim ta taga, muka sami inuwar wata bishiya a gefen filin wasan yara, muka buɗe duk ƙofofi don baƙonmu ya sha iska.

Ban taɓa hira mai daɗin wannan ba. Duk kalaman da na kwana ina haddacewa sun gudu, don ba yadda za a yi mutum ya yi taƙama yana warin rago. Na ba ta labarin gidanmu na mutum biyar, ta ba ni na tsohuwar Baturiyar da ta koya wa cin shito, yajin mutanen Kumasi, har take nema. Muna cikin haka muka ji ƙurus-ƙurus, muka waiwaya, ashe malam rago ya miƙo wuya ya gama da furannin, saura ledar. Ta ce in bar shi, ai ya fi ta sanin amfaninsu.

Da rana ta yi sanyi muka tashi. Shirina in mayar da ita Pleasant Garden, sannan in kai rago, kowa ya kwana da asirinsa. Ba mu yi nisa ba na ji ƙaho a gwiwar hannuna. Ashe bayan furanni igiya ya koma ci. Ya tsallako kujerar tsakiya, ya cuso kai tsakaninmu, motar ta yi wani irin layi, na samu da ƙyar na gangara gefen titi. Abin da ya rage na igiyar bai kai a ɗaura ba. Dole mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya tuƙa.

Nan dariya ta ɗauke mini. In na mayar da ita gida, babu mai riƙe mini shi a dawowa. Bas ta haya ba ta zuwa unguwarsu. Tasi kuwa, in na kira, da wuya direban bai zama ɗan garinmu ba. Gidan suna na nan kusa, amma a wannan lokacin duk matan garin suna can suna suyar cincin. Na faɗa mata haka, ban ɓoye komai ba, kuma wallahi na ji tsoro, don na san abin da ta ce mini.

Ta dubi titi, ta dubi ragon. Sai ta tuɓe takalmanta masu tsini, ta koma baya, ta kama ƙahonin nan biyu.

"Tuƙa."

"Gidan suna fa za mu."

"Na ji ka. Tuƙa kafin ya cinye sitiyarin."

Muna shiga filin gidan na ga motoci, na ga mata kewaye da kaskon suya, na ga Malam a kan tabarma da mazan gidanmu gaba ɗaya. Na zuge ƙofa. Ta sauko ba takalmi, gyale a karkace, riƙe da ƙahon rago. Kowa ya juyo ya zuba mana ido. Malam ya dube ta, ya dube ni, ya dubi sabuwar shaddar da ban fita da ita a idonsa ba.

"Yaro," ya ce, "ni dai rago kaɗai na aike ka."

Aka fashe. Wata Hajiya ta rangaɗa guɗa, abokin ɗakina ya faɗi a tabarma yana cewa yanzu ya gane dalilin wanki. Ita kuwa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ina wuni." Malam ya amsa da fara'a ya sa mata albarka, mata suka janye ta cikin gida, aka bar ni a tsaye ina zufa.

Da ta fito muka kama hanyar mayar da ita. Raina duk a jagule, ina jiran a ce in goge lamba. Da muka isa ta buɗe ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya a waje, sannan ta juyo.

"Gobe da wane lokaci ake raɗin sunan?"

"Da hantsi. Me ya faru?"

"Ka zo da wuri. Ni na riƙo shi, kuma a ce ba zan ci namansa ba?"

Na dawo gida ina waƙa da ƙarfi a cikin motar da ke warin rago. Yau ita ce uwar 'ya'yana.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wahalar da muke sha wajen ɓoye wanda muke so ga mutanen da muke ci a kwano ɗaya da su, yawancinta wahalar banza ce, don da suka sani murna suka taya ni. Kuma ba a gane mai son ka ranar da ka sha ado komai na tafiya daidai. Ana gane shi ne ranar da shirinka ya watse, kunya ta rufe ka, ya dube ka ya ga duk da haka ya fi son ya zauna a motar.