Yaƙin Turawa a Bakin Tsohon Kuku

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku, abin da idona ya gani zan faɗa.

A shekarun da Dutse ta zama babban birnin jiha, jikana da ke kwaleji ya dawo gida ya ƙi tuwo. Na ce, "Maigidana, wa ya taɓa min kai?"

Ya ce malaminsu ya sa su rubuta tarihin yaƙin da Turawan Ingila suka yi a tsakaninsu, har suka sare kan sarkinsu. Dole ya kawo majiya uku, in ba haka ba ya maimaita shekara. Littafi biyu kaɗai ya samu a laburare, ɗayan ma gara ta cinye ƙarshen yaƙin.

Na ce, "Yanzu don Allah a takarda ake neman tarihi? Tsofaffi sun ƙare ne?"

Na ƙulle goro a gefen zane, muka hau acaɓa sai Kiyawa, wurin wani dattijo da ya yi wa Bature kuku.

Muka gaisa, na miƙa goro, na faɗi buƙata. Dattijo ya gyara zama ya ce, "Yaƙin Turawa? A gabana aka yi."

"Baba, an fi shekara ɗari uku fa," in ji jikana.

"Kai ne ka je, ko ni? Rubuta! Baturen gyaɗa da Baturen hanya suka harbi agwagwa ɗaya a fadama, kowa ya ce tasa ce. Suka kama kokawa har hular wani ta faɗa ruwa."

"To sarkin da aka sare wa kai fa?"

"Wannan ina kicin. Amma na ji ƙara."

Na ce wa yaron, "Ka ji ko? Mutum mai gaskiya, bai ce ya gani ba."

Da lokaci ya ƙure, jikana ya sa sunan dattijon a majiya ta uku. Malamin ya karanta wa aji, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ba shi makin da ya haye da ƙyar. Ban ga abin dariya ba. Mutane sun yi faɗa.

Dattijon ya rasu da damina, Allah ya ji ƙansa. Malamin an mayar da shi Taura. Jikana yanzu shi ke koyar da tarihi, kuma ya hana ɗalibansa zuwa gaishe ni lokacin jarrabawa.