Matar Kushewar Baƙi

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i, Kaka takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta, kowa ya cusa ƙafafu cikin riga. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Dogon Kiriya, ba mu san rediyo ba sai a gidan maigari, saboda haka bakin Kaka shi ne nishaɗinmu. Tana gasa mana gujiya a toka, tana kwaikwayon muryar kura da ta zomo har mu riƙe ciki. Abu guda ne ba ta taɓa sa wa baki ba: Kushewar Baƙi, wani fili mai sabara a gabas da gari, ƙarƙashin tsofaffin itatuwan gawo.

Duk yaron garin ya san labarin wurin. An ce da almuru wata doguwa tana fitowa daga cikin kaburburan riƙe da ƙwarya, tana roƙon fura, wanda ya amsa mata ba ya ganin damina. Ko akuya ta ɓace ta can, sai a bar ta.

Wata rana maƙwabcinmu Bawa ya shigo ɗibar garwashi, ya tarar da mu. Don ya tsorata mu, sai ya miƙe tsaye, ya kifa hularsa kamar ƙwarya, ya shiga maƙale murya yana cewa, "Ku ba ni hura, ku ba ni hura." Muka yi ta ihu da dariya. Ban ankara ba sai na ga Kaka ta wurga masa guntun kara mai wuta.

"Kai Bawa ɗan Noma, aje hulag ga! Doguwa? Wa ya ce maka doguwa ta? Uwata gajera ce, ko kahwaɗata ba ta kai ba. Sunanta Dudu."

Bawa ya sulale ya fita, garwashin ma bai ɗauka ba. Ba mu taɓa sanin Kaka tana da wata uwa ba ban da tsohuwar da ta rene ta.

Ba ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" ba. Ta ce a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, shanun iyayenta suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Babanta ya tafi kudu neman ciyawa da sauran, bai komo ba. Uwarta ta riƙo hannunta, suka biyo wasu makiyaya suka nufo garinmu, domin nan suka saba sauka da rani. Shanunsu ne ke zuba taki a gonakin garin, nononsu ake dama fura da shi. Amma da suka iso ba ko saniya, sai manyan gari suka ce baƙin sun zo da ciwo, kada su kusanci rijiya, su tsaya can gindin gawo.

"Ba ciwo muka zo da shi ba, yunwa ta," in ji Kaka. "Kuma kada wani shi ce maku garin ga babu hatsi. Akwai gidajen da rumbunsu ke liƙe da laka. Na gani da idona."

Dudu ta ɗauki ƙwaryar da take kawo musu nono a ciki, ta bi gida gida. Matan da ke kiranta ƙawa suka ja asabari. Kakan Bawa ya kore ta da sanda. Ta koma gindin gawo ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ita da sauran baƙin da suka mutu aka tura su cikin ramuka marasa zurfi, ba wanka, ba likkafani, ba salla. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ce ta tsinci Kaka tana zaune kan ƙasar da aka rufe uwarta, ta goya ta zuwa gida, gari kuwa ya daina sayen tukwanenta har damina ta zagayo.

"Da hatsi ya nuna, kowa ya ƙoshi, sai waɗanda sunka ruhe ma uwata ƙohwa sunka hwara ganinta cikin barci. Maimakon su tai su yi mata addu'a, sai sunka ce iska ta. Sun hana ta hura da rai, ta mutu sun maishe ta dodo!"

Wutar ta cinye, ba wanda ya ƙara kara. Gujiyar ta ƙone a toka.

Daga baya na gane inda Kaka ke zuwa kowace jajibirin salla da damin ƙaya a kai don shinge kabarin uwarta, da dalilin da wasu mata ke janye 'ya'yansu idan ta wuce. Da ciwon ajali ya kama ta, ina lakkwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, ta roƙi babana da ƙanensa su rufe ta kusa da uwarta. Suka amsa mata da to. Da ta cika, suka ce, "Mi mutane za su ce?" Suka kai ta maƙabartar gari. Babana ya rasu ban daina jin zafin wannan a kansa ba, Allah ya gafarta masa.

Yanzu ina koyarwa a Dogon Dutsi. Da gonaki suka yi wa mutane kaɗan, sai tsoron ya watse kamar ba a taɓa yinsa ba. Ɗan Bawa ya sare sabarar, ya sa garmar shanu a Kushewar Baƙi. Da ƙasusuwa suka fito, ya ce na raƙumi ne, ya watsar a kwazazzabo. Na hau kabu-kabu na je wurin maigari.

"Malam," in ji shi, "kai da ka yi boko, kai za ka tsaya kan zancen iskoki? Wa gare ka can?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, kakar babana na can."

Ya dubi dattawan da ke zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Duk sun sani. Aka ce in yi haƙuri, an riga an yi shuka.

A lokacin na fahimci abin da ya ƙona ran Kaka. Labarin doguwar ba don tsare kaburbura aka ƙirƙiro shi ba, don tsare mutuncin masu rumbu ne. Muddin ana tsoron wurin, ba yaron da zai je ya tambayi su wa ke kwance, ko wa ya kwantar da su.

Na ba 'ya'yana labarin kamar yadda na ji shi. 'Yar autata ta ce, "Baba, to hatsin gonar ya yi kyau?"

Na so in ce mata ya bushe, ko tsuntsaye sun cinye. Amma na gan shi lokacin girbi, zangarniya kamar damtsen mutum, duk karkarar ba gonar da ta kai ta. Na ce mata ya yi kyau. An yi fura da shi, garin kuma ya sha.