Rakiyar Che Mbwana

Duk wanda ya taɓa sayen bandar usipa, ƙananan kifin nan, a bakin tafki a garin Makanjira ya san Abiti Chande, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Shekara talatin da wani abu muna bandar kifi rumfa ɗaya da ita, kuma ban taɓa ganin ranar da ta bar wa wani magana ta ƙarshe ba. Mijinta ma, Allah ya jiƙansa, haƙuri ya koya a gidanta har ya zama gwani.

Ba ta san bihim ba a karatu. Amma tun tana budurwa ta karɓi wuridin Ƙadiriyya a hannun wata tsohuwar halifa daga Nkhotakota, ta haddace silsilar shehunai tun daga Bagadaza, ta gangaro tsibirin Unguja, ta tsallako tafki har zuwa kanta. Tana juya kifi tana jero su kamar sunayen 'yan ɗakinsu. Ita ke riƙe da koriyar tutar ɗariƙa a ƙauyenmu, kuma duk gawar da za a fitar, ita ke ba da baitin zikiri, maza na amsawa da ƙirji har bakin kabari. Cewa take mamaci yana ji, kuma rashin kunya ne a raka baƙon Allah baki a rufe.

To, sai zamani ya zo da masu shiru. Samari ne da suka yi karatu a birni, suka gina nasu masallacin, suka ce zikirin jana'iza bidi'a ne. Ba zan ce ba su da ilimi ba, suna da shi. Ladabi ne dai aka manta ba a saka musu a jaka ba. Cikin shekara biyar tsofaffin masu zikiri suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tutar ta koma bayan ƙofa.

Ran nan ƙanenta Che Mbwana, masunci, ya rasu da hantsi. Ɗansa Twaibu, wanda ke limancin samarin, ya zo har rumfa ya durƙusa.

"Gwaggo, Baba za a kai shi shiru, yadda sunna ta ce. Don Allah kar a yi abin nan."

"Wane abin? Ba shi da suna?"

"Gwaggo, mahaifina ne fa."

"Kai ɗan matarsa ne, Twaibu. Danginka suna can wajen uwarka. Ni ciki ɗaya muka fito da shi, nono ɗaya muka sha. Tun yaushe a ƙasarmu ta Yao ɗa yake hukunci kan gawa alhali 'yar'uwar mamaci tana numfashi? A wane littafin ka karanto wannan?"

Gaskiya ta faɗa, don a wurinmu mutum na dangin uwarsa ne, da rai ko ba rai. Twaibu ya tashi ya fita idonsa jawur.

Bayan azahar aka sallaci gawa, samari suka ɗauki makara. Ba su yi taku goma ba Abiti Chande ta fito da tuta a kafaɗa, mu mata bakwai a bayanta, ta ɗaga murya: la'ilaha illallah! Tsofaffi uku da suka rage suka amsa. Samarin suka dubi Twaibu, ya yi musu alama, suka sauke makarar a tsakiyar hanya.

"In ba a yi shiru ba, ba mai ɗauka," in ji shi.

Rana tana dukan likkafani, ga tsofaffin nan ko tulu ba za su iya ɗagawa ba. Ita kuwa ko gezau. Ta miƙa wa wani dattijo tutar, ta ɗaure zane, ta juyo gare mu.

"Ku da kuke ɗaukar kwandon kifi tun daga tafki har kasuwa, Mbwana ne zai gagare ku? Ai ko da rai bai kai buhun masara ba."

Mu huɗu muka sa kafaɗa. Tunda aka kafa Makanjira ba a taɓa ganin mata ɗauke da makara ba, kuma ni kaina kunya ta kusa kashe ni. Tsayinmu ba ɗaya ba ne, makarar ta karkace, ƙafar mamacin ta soma zamewa. Twaibu ya yi tsalle ya tare ta, ya ture ni ya shiga gurbina yana kuka. Sauran samarin suka biyo shi. Abiti Chande ta koma gaba ta ci gaba da baitinta, ba ta ko waiwaya ba.

A gindin mangwaron da mata ke tsayawa ta tsaya, don wannan iyakar ba ta taɓa ƙetare ta ba. Maza suka wuce da mamacin, kuma daga nan ba wanda ya ƙara amsawa, har tsofaffin. Sai ta juya fuskarta wajen maƙabarta ta ci gaba ita kaɗai. Muna jin ƙarar shebur daga ciki, muryarta tana dishewa, na kawo mata ruwa ta ture kofin.

"Bari tukuna," ta ce. "Ba su gama rufe shi ba, yana ji."