Kunun Shuɗi da Na Ɗauko Daga Shagari

Bari in fara da tonon asirin kaina: fure ya taɓa fitar da ni daga gida, da furfurata. Zamanin Turawa ne. Taubashina Garba ya bar aikin kukun Bature ya koma Shagari da irin wani tsiro mai yaɗo. Matar Baturen don ado ta shuka shi, shi kuwa Garba ya koyo jiƙa furensa yana rina shinkafa, ta fito shuɗiya kamar daga marina. Ko'ina ka zauna, Garba, Garba. Haushi ya sa na yi wa mutanen Danchadi alkawarin kunun shuɗi ranar sunan jikata.

Danchadi zuwa Boɗinga

Ana sallame asuba ranar Laraba na hau jaki, da hantsi na isa Boɗinga. Wani ɗan doka ya nemi takardar haraji, na miƙa, ya riƙe ta a kife. Ashe ni da shi ajinmu ɗaya. Na bar jakin wurin wani tela, na hau bayan motar gyaɗa. Mil sha takwas, in ji direba. Ƙuguna ya ce ƙarya yake.

Shagari

Da azahar muka sauka. Tsiron ya lulluɓe darnin Garba, mutane na leƙe. Aka kawo shinkafar. Ta yi kyau, Allah ya isa. Na ce gishiri bai ji ba.

Roƙo ya fi ƙarfina, sai na bari ya shiga alwala na hau tsinkar fure ina cusawa a hula. Ashe yana bayana.

"Ɓarawon hure! Ɗebi, taubashi, amma in kunu za a yi, kak ka..."

"Kai, bawan Nasara! Ni za ka koya ma kunu?"

Ya yi murmushi ya wuce masallaci. A zaurensa na kwana.

Komawa

Alhamis da la'asar na iso gida lafiya, alhamdu lillahi, hulata ta rine.

Ranar suna na tsaya da kaina kan matata Hajo. Ruwan furen ya yi shuɗi gwanin kyau. Kunun gidanmu kuwa na tsamiya ne tun kakanni. Ana haɗawa, shuɗin ya gudu, kunu ya juye ja-ja. Abin da Garba ya so faɗi ke nan.

Zaure cike da baƙi, shi ma yana ciki. Ya karɓi ƙwarya, ya leƙa, ya kurɓa a hankali, ya ce, "Taubashi, in dai soɓorodo kaka so, mi yak kai ka Shagari? Ga shi nan bayan ɗakinka."